Wane tsibiri ya dace da iyalin da ba su taɓa ganin teku ba?

Abban Ramatu, Tawa:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ni ɗan kasuwar albasa ne, ina ɗauko kaya daga Galmi ina kaiwa kudu, saboda haka na sha ganin teku a Kwatano da Abijan, sai dai daga nesa, ina cikin lissafin buhuna da kuɗin mota. Maiɗakina malamar lakwal ce, muna da yara uku: Ramatu mai shekara 11, ƙanenta mai shekara 8, da auta mai shekara 4. Ruwa mafi girma da yaran nan suka taɓa gani shi ne tafkin Tabalak, sai kuma kogin Kwara da suka hango daga kan gadar Kennedy ranar da muka je bikin wani ɗan'uwa a Yamai.

Shekara uku ke nan Ramatu ta ga hoton wani tsibiri a littafinta na labarin ƙasa, ta tambaye ni ko da gaske ne akwai garin da ruwa ya kewaye ta ko'ina, ni kuwa na yi suɓul da baka na ce idan ta ci jarrabawar shiga kwaleji zan kai ta ta gani da idonta. Tun daga ranar nake ajiye wani abu a gefe duk kakar albasa, ita kuma uwarsu tana zubin adashe, ga shi yanzu jarrabawar ta matso, yarinya kuwa ba ta manta ba.

Ba mu da lokacin tafiya sai babban hutu, wato tsakanin Yuli da ƙarshen Satumba, kuma ba ma son mu wuce kwana takwas ko tara. Sunaye huɗu ne suke ta yawo a kunnena. Wani abokin sana'ata ya ce Kap Ber ce ta fi kusa da mu, ƙanen matata ya ce tsibirin Moris saboda ana jin Faransanci, na kuma ga hotunan Zanzibar da na Maldib a Facebook har na rasa wanda ya fi wani kyau. Abin da ya dame ni shi ne abinci na halal da wurin sallah, da inda mace za ta zauna da hijabinta ba tare da ta zama abin kallo ba, da ruwan da ba zai cutar da yaran da ko iyo ba su iya ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa zuwa da ƙafarsu su ba ni shawara, Allah ya saka da alheri.

Maman Bashir, Yamai:

Wa alaikumus salam, Malam Abban Ramatu. Allah ya ba Ramatu sa'a, ya kuma ba ka ikon cika alkawari. Mun je Zanzibar da maigidana da yaranmu biyu a watan Agusta, kuma a ganina ita ce ta fi dacewa da abin da ka zayyana, amma zan faɗi daɗinta da wahalarta duka.

Ka fara da duba lokacin hutunku, domin shi ne zai tankaɗe maka sunayen nan tun kafin a zo maganar kuɗi. Babbar daminar Zanzibar tana sauka ne daga Maris zuwa Mayu, ƙaramar kuma wajen Nuwamba da Disamba. Daga Yuni zuwa Oktoba sarari ne da iska mai sanyi-sanyi, wato daidai lokacin da mu nan muke fama da caɓi da sauro su can suna cikin mafi kyawun yanayinsu. Maldib kuwa daga Mayu zuwa Oktoba ne iskar damina take kaɗawa a can, ga nisa, ga kuma kuɗin jirgin ruwan da za a ƙara biya daga Male, babban birninsu, zuwa tsibirin da aka sauka, don haka ni da kaina zan cire ta daga lissafi, duk da cewa ƙasar Musulmi ce.

Ta fuskar addini hankalinka zai kwanta. Kusan dukan mutanen Zanzibar Musulmi ne, kiran sallah yana tashe ka da asuba kamar kana Tawa, matan gari da ƴanmata suna yawo da lulluɓi, kuma maiɗakinka za ta fi Turawan da ke bakin ruwa sajewa da mutanen wurin. A ƙauyen Kizimkazi da ke kudancin tsibirin akwai masallacin da rubutun da ke jikin bangonsa yake ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Maigidana ya daɗe tsaye gaban rubutun nan bai ce komai ba. A cikin tsohon birni kuma, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, za ka ga ƙofofin katako masu sassaƙa da lunguna matsattsu da suka tuna mini da unguwar Birni ta Damagaram, za ka kuma ga inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, wurin da aka gina coci a kansa daga baya. Ramatu ta kai shekarun da za a shiga da ita ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nunawa a can, amma ban ba da shawarar a shiga da auta ba.

Harshe ma bai ba mu wahalar da muka zata ba, domin Swahili ya ɗebi Larabci kamar yadda Hausa ta ɗeba. A kasuwar Darajani mai kayan yaji ya ce mini ishirini, na ji ashirin sarai, haka arobaini da hamsini da sitini, haka Alhamisi da Ijumaa, haka dunia da habari. Abu ɗaya ne ya ruɗe mu, shi ne yadda suke ƙidaya lokaci daga fitowar rana, ta yadda ƙarfe bakwai na safe shi ne ƙarfe ɗaya a bakinsu. Duk wanda zai zo ɗaukarku da mota, ka sa shi ya nuna maka lokacin a agogon waya.

Yanzu ga kuskurenmu, wanda ba na so ka maimaita. Mun kama masauki a gabashin tsibirin, wajen Jambiani, saboda ya fi araha kuma hotonsa ya nuna ruwa yana taɓa matakalar ɗaki. Mun isa da dare, da gari ya waye Bashir ya fita a guje da gajeren wandonsa, sai ga shi ya dawo yana kuka wai an kwashe tekun. Na leƙa na tarar da gaske ruwan ya janye har ido da ƙyar yake hango farin kumfarsa, an bar fili na jiƙaƙƙen rairayi, mata sun duƙa a ciki suna ɗaure ciyawar teku a jikin igiyoyi, wadda ita ce nomansu. Haka tekun yake yi a gabas, ya cika ya janye sau biyu a kwana guda, kuma lokacin yana gusawa kullum da kusan awa ɗaya. Da muka bi sawun ruwan da ƙafa, ƙanwar Bashir ta taka wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, muka wuni muna cire mata tsini daga diddige. Ga iskar kudu da suke kira kusi tana kaɗawa da ƙarfi a wannan gaɓar a watannin nan. A kwana na uku muka tattara muka koma arewa, wajen Nungwi da Kendwa, inda ruwan ba ya yin nisa ko ya janye, yara suna iya wasa a gefensa daga safe har yamma. Wurin ya fi tsada, ya fi cunkoson Turawa da kiɗe-kiɗen dare, saboda haka ka nemi masaukin da ya ɗan ja baya daga inda ake raye-raye, ka kuma saya wa kowane yaro takalmin roba na shiga ruwa.

Abinci kuwa shinkafa ce da kifi da kwakwa, akwai pilau da biriyani, akwai tsiren da suke kira mishkaki da ake gasawa a dandalin Forodhani bayan magariba. Ka kai yaran gonar kayan yaji su ga kanumfari da kirfa a jikin itacensu, ka kuma kai su tsibirin Changuu su ga manyan kunkuran da aka kawo daga Seshel a 1919, waɗanda ɗaya daga cikinsu ya fi turmin gidanmu girma.

Malam Mai Lissafi, Yamai:

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, amma ina da ja a kan abu ɗaya, kuma kafin nan bari in sallami Kap Ber, tun da aiki ya taɓa kai ni. Tsibirai goma ne a tekun Atalantika, kimanin kilomita 570 daga gaɓar Senegal, kuma biyun da ake kai masu yawon buɗe ido, Sal da Boa Vista, busassu ne ƙayau. Rairayi ne da duwatsu da iska, har hazon hunturunmu yana ƙetara teku ya same su. Sunan Sal ma gishiri yake nufi da harshen Fotugal, kuma babban abin da za a nuna maka shi ne ramin gishirin Pedra de Lume. Mutumin Adar da zai biya kuɗin jirgi na mutum biyar don ya nuna wa ƴaƴansa rairayi da gishiri, ai gara ya kai su Bilma. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a Janairun 2024 cewa ƙasar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, kuma mutanenta suna da kirki, amma igiyar ruwanta tana da ƙarfi a wurare da yawa, naman alade kuma yana shiga cikin abincin da suka fi ci, wato kacupa, sai ka riƙa tambaya a kowane kwano. Idan kuwa shiga ba biza abokinka yake tunani, maganar ta samo asali ne daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda Nijar ta fice daga cikinta a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, don haka kada ka dogara da abin da aka saba yi a da, ka tambaya tukuna.

Inda na saɓa da Hajiya shi ne harshe. Gane ashirin da hamsin a kasuwa abu ne mai daɗi, amma ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi kana gaban likita, ko jakarku ta ɓace a filin jirgi, Ingilishi ko Swahili za a yi maka, kai kuwa da maiɗakinka Faransanci kuka iya. A Moris kusan kowa yana jin Faransanci, daga direban taksi har mai sayar da magani, jaridunsu ma yawanci da shi ake buga su. Ba a ɗaukar zazzaɓin cizon sauro a can, alhali a Zanzibar akwai shi ko da ya yi ƙaranci. Duwatsun murjani sun kewaye mafi yawan tsibirin, sun tare manyan igiyoyi daga nesa, abin da ke isowa gaɓa ruwa ne kwantacce kamar na tafki. Musulmi sun kai wajen kashi ɗaya cikin shida na jama'ar ƙasar, babban masallacin Juma'a na Port Louis tun shekarun 1850 yake, kuma samun abincin halal ba wahala ba ne. Lokacin guguwarsu daga Nuwamba ne zuwa Afrilu, saboda haka hutunku ya kauce masa.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Yuli da Agusta su ne tsakiyar sanyinsu, ruwan yana da sanyi ga yaron da ya tashi a zafin Tawa, gabas da kudu kuma iska ba ta barin mutum ya sake, sai dai a sauka arewa ko yamma. Tafiyar ma ta fi tsawo da tsada. Zanzibar kuwa jirgin Ethiopian Airlines yana ɗaukarka daga filin Diori Hamani zuwa Adis Ababa, daga can wani ya sauke ka a tsibirin kai tsaye. Idan aljihu zai ɗauka, ni Moris zan zaɓa. Idan kuwa tikitin zai cinye kuɗin masauki da na abinci, to maganar Hajiya ce a gaba.

Alhaji Dattijon Adar, Tawa:

Ɗana Abban Ramatu, na karanta tambayarka da amsoshin da aka ba ka, kuma duk sun faɗi gaskiya gwargwadon abin da suka gani. Ni abin da zan ƙara shi ne ka yi wa tafiyar lissafi daga ƙofar gidanka, ba daga filin jirgi ba. Daga Tawa zuwa Yamai, ta Tsarnawa da Dogon Dutsi da Doso, ya haura kilomita 500, wuni guda ne cur a cikin bas, kuma da damina hanyar ba ta da tabbas. Ka ƙara kwana ɗaya a Yamai, ka ƙara awoyin jirgi da na jira, ka ninka duka sau biyu don dawowa, sai ka ga kwana taran nan naka sun koma biyar a bakin ruwa. Yaro mai shekara 4 da bai taɓa hawa jirgi ba shi ne zai gaya maka tsawon hanyar.

Shi ya sa nake cewa kada ka raina Dakar. Tsibirin Gore yana gabanta, tafiyar kamar minti 20 ce a jirgin ruwa, ba mota ko ɗaya a cikinsa, yaro yana iya zagaye shi da ƙafa ya ga ruwa gabas da yamma, kudu da arewa, wanda shi ne ainihin abin da Ramatu ta tambaya. Kuɗinsu sefa ce irin tamu, jikarka jika ce, ba mai canji da zai ci rabonsa. Faransanci ake yi, Musulmi ne, ga Hausawa da Zabarmawa ƴan'uwanmu a birnin. Na sani ba shi ne tsibirin farin rairayi da itacen kwakwa da ke cikin hoto ba, kuma Agusta damina ce a can, amma abin da zai rage a hannunka zai isa wata tafiyar baɗi.

Ko ina kuka je, ga gargaɗina. Mu mutanen tudu ba mu san ruwa ba, kuma wanda bai san abu ba ba ya jin tsoronsa yadda ya kamata. Na taɓa ganin ƙato, direban babbar mota, ya shiga teku a Kwatano ruwa iya gwiwa, igiya ta share ƙafafunsa ta ja shi, sai da masunta suka bi shi da igiyar koma. Kada yaro ya shiga ruwa sai babba yana riƙe da shi ko yana tsaye inda hannunsa zai kai gare shi, kada kuma ku hau kwale-kwalen da ba a ba kowa rigar kariya daidai jikinsa ba, ko da mai shi ya rantse cewa tafiyar minti biyar ce.

Abban Ramatu, Tawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Alhaji, maganarka ta shige ni, na kuma karanta wa maiɗakina ita jiya da dare. Ta ce Dakar ba za ta gudu ba, tun da harkar kasuwa tana iya kai mu wata rana, amma irin wannan tarin kuɗin ba lalle ne mu sake yin sa ba kafin yaran su girma. Malam Mai Lissafi, na tambayi kuɗin tikitin Zanzibar da na Moris a wani ofishin sayar da tikiti, na tarar bambancin da ke tsakaninsu, idan aka ninka shi sau biyar, ya kusa kuɗin masaukinmu gaba ɗaya, saboda haka mun karkata ga Zanzibar, kuma za mu sauka arewa kamar yadda Hajiya ta ce, bayan kwana biyu a tsohon birni. Maganar harshe kuwa, maiɗakina ta yi Ingilishi a makaranta, ta ce za ta karkaɗe shi kafin lokacin. Hajiya, saura ki yi mini bayanin takardu, domin mai sayar da tikitin ya ce mini a filin jirgi ake buga biza, ni kuwa hankalina bai kwanta da yadda ya faɗe ta ba.

Maman Bashir, Yamai:

Malam, gara da ka tambaya, domin a nan ne mutane suke asarar kuɗinsu. Turawa da wasu ƙasashe da yawa ana buga musu biza a filin jirgi, amma Nijar tana cikin ƙasashen da Tanzaniya, ƙasar da Zanzibar take cikinta, ta ware, tare da Nijeriya da Mali da Cadi, waɗanda sai an nemi izini tun daga gida, hukumar shige da fice ta can ta duba ta amince kafin mutum ya taso. Ta intanet ake cikawa, kowane mutum da tasa takardar har da auta, kuma amsar tana iya ɗaukar makonni, don haka ka nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kada kuma ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai izinin ya fito. Kowane yaro sai da fasfonsa, wanda ya rage masa aƙalla wata shida kafin ya ƙare, ku kuma riƙe takardun haihuwarsu. Katin allurar shawara dole ne ga duk wanda ya fito daga ƙasarmu, kuma allurar sai ta kwana 10 kafin a karɓi katin. Tun daga 1 ga Oktoban 2024 Zanzibar ta kuma wajabta wa baƙi wata inshora tata ta kanta, dala 44 ga babba, wadda ake biya ta intanet kafin a isa, ko da mutum yana da wata.

Sefa ba ta canzuwa a can, ka canza ta zuwa yuro ko dala tun a Yamai, idan kun sauka ka sayi shilin ɗinsu. Tanzaniya ta hana shiga da leda tun Yunin 2019, saboda haka kilishi da garin kunun auta a zuba su a roba mai murfi. Bakin soket ɗinsu irin na Ingila ne mai ƙafa uku, cajar wayarka ba za ta shiga ba sai da mahaɗi. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Ka kuma sa wa kowa rigar sanyi a jakar hannu, domin Adis Ababa tana kan tudu mai tsawon fiye da mita 2,300, Agusta kuma damina ce a can, mu da muka sauka da kayan zafin Yamai sai da na lulluɓe yaran biyu da mayafina har aka kira jirginmu.